Wa Ya Riƙe Alƙalamin? Yadda Ya Kamata A Rubuta Tarihin Masu Zargin Maita

A watan Nuwamban 2022 wata mata ta iso Maiduguri a guje daga ƙauyen Ahraza da ke kusa da Gwoza, ɗauke da labarin da ya girgiza duk wanda ya ji shi. Kamar yadda ita da wasu mutanen yankin suka shaida wa kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, 'ya'yan wani kwamandan Boko Haram ne suka mutu farat ɗaya cikin dare, sai ya sa aka tattaro mata kusan 40 aka tsare, ya ce su ne suka cinye masa yara. Aka kashe 14, bayan kwana biyu aka ƙara 12. Kafin mako ya zagayo labarin ya fara rarrabuwa. Wasu jaridu sun ce mata 20, wasu sun ce 26. AFP ta rubuta sunan kwamandan Ali Guyile, alhali sunan da ya fi yawo a rahotannin tsaro game da duwatsun Mandara shi ne Ali Ngulde. Wannan abu ne da ya faru jiya-jiya, a zamanin wayar salula, a wurin da bai kai tafiyar yini ɗaya daga babban birnin jiha ba, amma ga shi adadi ya kasu biyu, suna ma yana neman kasuwa biyu. To ina ga zargin da aka yi shekara ɗari ko ɗari uku da suka wuce? Matsayina a nan ɗaya ne: duk takardar da ta ƙunshi zargin maita, tsohuwa ce ko sabuwa, shaida ce a kan mai zargin da wanda ya rubuta masa. Wanda ya karanta ta yana neman sanin halin wadda aka zarga ya shiga ta ƙofar da ba ta ɓullewa, kuma marubuci ko editan da bai gane haka ba zai wayi gari yana ƙarasa aikin da mai zargin ya fara.

Sai an duba yadda al'adar kanta take kafin a ga dalili. A fahimtar Bahaushe maye mutum ne mai ƙanƙara a ciki, wasu 'yan duwatsu da ake cewa ya gada, ko ya sha a nono, ko ya saya. Da su yake ganin kurwar mutum, ya kama ta, ya ɓoye, mai kurwar ya kwanta ciwo, in ba a ƙwato ba ya mutu. Wata mai bincike, Pamela Schmoll, ta rubuta wannan imani dalla-dalla a 1993 daga bakin Hausawan yankin Maraɗi, kuma wanda ya tashi a Kano ko unguwar Hausawa ta Fatakwal ko unguwar Hausari ta Maiduguri zai gane shi ba sai an yi masa fassara ba. Maƙwabtan Hausawa a Borno da duwatsun Gwoza suna da nasu sunaye da nasu bayanai, amma hanyar gano mai laifin kusan ɗaya ce. Mara lafiya yana cikin zafin zazzaɓi sai ya ambaci suna, ko wani ya yi mafarki, ko a je wurin boka ko Sarkin Mayu ya nuna. Daga nan a taso wanda aka ambata, galibi mace, galibi tsohuwa ko kishiya ko baƙuwa, a tilasta mata ta tsallaka mara lafiyan, wani lokaci a tuɓe, don kurwar ta koma. A wasu wurare a da har gwaska ake ba mutum ya sha, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce gaskiya ta yi halinta.

A lura da abin da babu a wannan jeri. Babu wanda ya ga ƙanƙara da idonsa, babu wanda ya ga kurwa a hannun wani. Ɓarawo ana kama shi da akuya, mai kisa ana samun wuƙa da jini, amma mayya ba ta da kayan laifi sai bakin wanda ya ambace ta. In ta tsallaka aka warke, an ce ta saki. In aka mutu, an ce ta riga ta cinye. In ta yi kuka an ce na munafunci ne, in ta bushe ido an ce ai dama mayya ba ta hawaye. Zargin da kowace amsa ke tabbatar da shi bai gaya mana komai game da wadda ake zargi ba. Abin da ke da ranar faruwa, da wuri, da shaidun gani da ido a cikin lamarin duka shi ne aikin mai zargin: yaushe ya buɗe baki, a gaban wa, bayan wace rigima, kuma me ya samu. Nan ne tarihi yake da wurin dafawa.

Malaman Borno sun daɗe da sanin wannan matsala ta fuskar shari'a. Littattafan Malikiyya da alƙalai ke hukunci da su, irin su Risala da Muhtasar na Halil, sun san sihiri, kuma hukuncinsa mai tsanani ne. Sai dai sihiri aiki ne da mutum ke aikatawa, ana tabbatar da shi kamar sauran laifuffuka, da iƙirarin da ba tilas a ciki ko shaidu adalai, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. Mafarki ba shaida ba ne a gaban alƙali, haka sambatun mai zazzaɓi. Sakamakon haka ya shafi mai binciken tarihi kai tsaye: zargin maita bai cika samun hanyar shiga kotun alƙali a matsayin ƙara ba, sai ya ƙare a tsakar gida, ko zauren bulama, ko ƙofar lawan, inda ba muhuti ba tawada. Saboda haka wanda ya buɗe tsofaffin rajistocin kotu bai ga maganar maita da yawa ba, kada ya yi saurin cewa abin bai faru ba. Kuma kada ya cike giɓin da abin da ransa ya raya masa, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Zuwan Turawa ya juya teburin ta wata fuska mai ban sha'awa. Bayan an kashe Rabeh a Kusuri a 1900, Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, aka kafa ofishin Razdan, takardu suka fara taruwa, waɗanda yawancinsu yau suna ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Dokar Turawa ba ta yarda akwai maita ba, don haka abin da ta haramta shi ne gwajin laifi irin na gwaska, da da'awar maita, da zargin wani da ita. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta gaji wannan: sashe na 216 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya zargi wani da maita ko ya yi barazanar zarginsa. Ma'ana, daga wannan zamani mai zargi yana bayyana a takarda ne a matsayin wanda ake tuhuma, kuma sau da yawa bayan ya riga ya zubar da jini. Misalin da ɗaliban shari'a a jami'o'in Najeriya suka haddace shi ne na Muhammadu Gadam, wanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta yanke a 1954. Matarsa ta yi ɓari, ta kwanta ciwon ajali, ya sakankance wata tsohuwa ce ta kama ta, ya ɗauki fartanya ya kashe tsohuwar. Kotu ta karɓa cewa da gaske ya yi imani da hakan, kuma imanin ya zama ruwan dare a cikin mutanensa, amma ta ce wannan ba uzuri ba ne, ta tabbatar masa da laifin kisan kai. Tun daga lokacin ake karantar da shari'ar da sunansa. Ita kuwa, a bakin malami da ɗalibi, har yau "wata tsohuwa" ce.

Irin waɗannan takardu suna da wani ciwo na daban, wato yawan hannuwan da magana ta bi. Mutumin duwatsun Gwoza zai yi bayani da Glavda ko Mandara ko Margi, tafinta ya juya zuwa Kanuri ko Fulatanci ko Hausa, malamin kotu ya rubuta da Larabci, ko Di'o ya taƙaita da Turanci yana sauri ya gama rangadi. Kalmomi huɗu ko biyar masu ma'ana dabam-dabam, maita da sihiri da sammu da kambun baka da tsafi, duk su narke su zama kalma ɗaya a alƙalamin Bature. Littafin tarihin yau da kullum na Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke maƙwabtaka da Gwoza, ya nuna girman matsalar. Ya shafi shekarun 1912 zuwa 1927, Bafulatani ne ya shifta, aka rubuta da Larabci, amma abin da James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga a 1995 fassarar Turanci ce da wani jami'in mulkin mallaka ya yi bayan an kama hakimin. Littafi ne mai daraja ƙwarai, kuma ba shi da na biyu wajen sanin hare-haren bayi a duwatsun nan, amma mai amfani da shi dole ya riƙa tuna cewa muryar da yake ji ta ratsa bakuna uku kafin ta iso shi. Malaman hadisi da sun ga irin wannan da sun fara da tambayar isnadi: wa ya ji daga wa, kuma wane ne a cikinsu yake da wata buƙata a maganar?

Wurin da aka fi yin wannan aikin tankaɗe da rairaya a duniya shi ne Salem, wani gari a Massachusetts ta Amurka, kuma ya cancanci a daɗe a kansa domin takardunsa sun tsira da yawa. A farkon 1692 'yan mata biyu a gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, suka fara faɗuwa suna ihu suna ambaton sunaye. Kafin shekara ta ƙare an zargi mutum kusan 200, an rataye 19, mata 14 da maza 5, an danne wani tsoho mai suna Giles Corey da duwatsu har ya mutu, wasu kuma suka mutu a kurkuku. Kotun ta karɓi shaidar cewa kurwar wane ta zo ta shaƙe ni, abin da ba wanda ya gani sai mai faɗa, daidai da ambaton suna a ɗakin mara lafiya a ƙasar Hausa. Cikin manyan masu zargi akwai Ann Putnam ƙarama, 'yar shekara 12, wadda sunanta ya fito a kan mutum fiye da 60. Shekara da shekaru ana rubuta ta a matsayin shaiɗaniyar yarinya. Sai masana ƙarƙashin jagorancin Bernard Rosenthal suka sake tace takardun shari'ar baki ɗaya, aka buga a 2009, kuma suka yi abin da ya kamata a yi tun farko: suka bi rubutun hannu takarda bayan takarda don gane wa ya rubuta me. Ya bayyana cewa takardun shaida fiye da 100 da hannun mahaifinta Thomas Putnam aka rubuta su, har da na 'yarsa da na sauran 'yan matan, kuma kalmomi iri ɗaya suna ta maimaituwa daga wannan shaida zuwa waccan. Dangin Putnam kuwa suna da tsohuwar rigimar gona da dangin Towne, gidan da Rebecca Nurse ta fito, tsohuwa 'yar shekara 71 da aka rataye a watan Yulin 1692 bayan masu taya alƙali hukunci sun fara wanke ta aka sa su sake shawara. Wanda ya ce "Ann ta ce" alhali takardar da hannun ubanta take, ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Daidai shi ne ya ce an rubuta da sunanta, ya faɗi wanda ya rubuta.

Bayan hannun magatakarda sai hannun masu ba da labari na baya, kuma su ne suka fi ɓarna domin nasu ya fi daɗin ji. Tituba, baiwar gidan Parris wadda ta fara amsa laifi, takardun 1692 sun kira ta Ba'indiya, wato 'yar asalin mutanen nahiyar Amurka, amma marubutan ƙarni na 19 da na 20 suka yi ta sauya mata launi har ta zama baƙar fata mai koya wa yara tsafin Afirka. Labarin cewa tana tara 'yan mata a madafa tana yi musu duba ya samu gindin zama ne daga littafin Charles Upham na 1867, shekara 175 bayan abin ya faru. Abigail Williams, 'yar shekara 11 ko 12, wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1953 ya mai da ita budurwa 'yar 17 mai soyayya da John Proctor, mutumin da a zahiri ya kai shekara 60, kuma yau miliyoyin mutane sun ɗauka kishi ne ya haddasa bala'in Salem. A Ingila ma haka aka yi wa Matthew Hopkins, mafaraucin mayu na shekarun 1645 zuwa 1647: an daɗe ana cewa shi ma an jefa shi a ruwa an gwada shi an kashe, alhali ciwo ne ya kashe shi a gida a 1647, kuma rajistar coci ta nuna an binne shi kamar kowa. Mutane suna son labarin da tsuntsun da ya ja ruwa, ruwa ya doke shi. Aikin edita ne ya hana wannan sha'awa shiga rubutu, ko da mutumin da ake ƙaga wa ƙaryar azzalumi ne.

Tambayar me mai zargi ya samu ma ba sai an je Amurka ba. S. F. Nadel, wanda ya yi bincike a ƙasar Nufe a shekarun 1930, ya bayyana ƙungiyar dodanni ta ndako gboya da ke shiga ƙauye da sunan tsarkake shi daga mayu. Ƙauye ya tara kuɗi ya biya a rabu da shi, ko a kwashi matansa a kai daji a gwada su, kuma wani kaso na kuɗin yana isa fadar Bida, har Turawa suka hana abin a 1921. Nadel ya kuma lura cewa waɗanda zargi ke faɗa wa mata ne, a ƙasar da mata 'yan kasuwa suka fi mazajensu kuɗi har suna bin su bashi. Ba kowane mai zargi ne ɗan kasuwa ba, amma wanda bai tambayi gona da gado da bashi da kishi ba bai fara bincike ba.

Akwai masu ja da wannan matsayi, kuma hujjarsu ta farko ita ce mafi ƙarfi a wurin mai karatu Musulmi. Za su ce sihiri gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace shi, kuma sau nawa aka ga wadda aka zarga ta amsa da bakinta? Amsar ba ta buƙatar a taɓa imanin kowa. Yarda da cewa akwai sihiri a duniya daban, tabbatar da cewa wance 'yar wane ta aikata shi ranar kaza daban, kamar yadda yarda da cewa akwai sata ba ta mai da maƙwabcinka ɓarawo. Mai tarihi ba ya da hanyar auna gaibu, yana da hanyar auna takarda da baki. Iƙirari kuwa, fiƙihu da kansa bai ɗauki na wanda aka tilasta a bakin komai ba. A Salem mutum fiye da 50 sun amsa laifi, kuma dalilin a fili yake: waɗanda suka amsa ba a rataye su ba, waɗanda suka dage kan gaskiyarsu su aka kai ga igiya. Matar da taron unguwa ya kewaye da sanduna, ko wadda ke tsare a hannun masu bindiga a Ahraza, in ta ce na yi, abin da ta tabbatar kawai shi ne tana son ta kwana da rai. Ya kamata a rubuta cewa ta amsa, domin hakan ya faru, a kuma rubuta a jimla ɗaya abin da ke kanta lokacin da ta amsa.

Hujja ta biyu ta fi taushi. Masu ita za su ce juya fitila kan mai zargi wata farautar mayu ce sabuwa. Gadam mutum ne da matarsa ke mutuwa a gabansa, Ann Putnam yarinya ce, kuma Hausawa sun ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, wato akwai raɗaɗi na gaske a bayan yawancin zarge-zargen nan. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce a bi hujja, ban ce a yi tsinuwa ba. Adalci ga mai zargi yana cikin aikin. A faɗi shekarunsa, a faɗi wanda ke tsaye a bayansa, a faɗi annobar da ke gari in akwai, domin ƙyanda da sanƙarau da kwalara da zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa suna kashe yara biyu ko uku a gida ɗaya cikin kwanaki, kuma zazzaɓin nan shi ke sa sambatun da ake ɗauka ambaton suna ne. A kuma faɗi abin da ya yi daga baya. Ann Putnam ta tsaya a coci a watan Agustan 1706, tana da shekara 26, iyayenta sun rasu sun bar mata ƙanne, aka karanta takardar neman gafararta, ita kaɗai a cikin 'yan matan da ta yi haka. Marubucin da ya bar wannan ya zalunce ta. Amma wanda ya kawo shi ba tare da ya nuna cewa ta jingina abin ga ruɗin Shaiɗan, kuma tana neman shiga cikin jama'ar cocin a lokacin ba, shi ma ya rage wa mai karatu wani abu. Tausayi ba ya hana lissafi. Mutuwar 'ya'yan kwamanda abin baƙin ciki ce ga kowane uba, amma mutumin da ke da mayaƙa da ikon tsare mata 40 ba a auna shi da ma'aunin yarinya 'yar 12.

Na uku za su ce ai mu tarihinmu a baki yake, neman takarda ga kowace magana bin Turawa ne, kuma in aka tsaya sai an samu madogara rubutacciya ba za a rubuta komai ba. Wannan ya raina Borno. Ƙasar da Imam Ahmad ibn Furtu ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a 1576 da 1578 ba Bature ne ya koya mata alƙalami ba. Ban kuma ce a watsar da ruwayar baka ba. Ita ma a yi mata isnadi: wa ya faɗa, a ina, da wane harshe, yana wurin ko ji ya yi, dangin mai zargi ne ko na wadda aka zarga. Ruwayar jikar wadda aka kora daga gari da ta jikan bulaman da ya kore ta duka ana buƙatarsu, a ajiye su gefe da gefe, kada a dama su a fitar da labari ɗaya mai santsi. Akwai ma abin koyi a gida. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi yana neman hujjar kafirta mutanen Borno, yana cewa abubuwan da ake zarginsu da su saɓo ne, kuma ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulmi ba wanda ya kafirta su. Muhammadu Bello shi ne ɓangaren masu zargi a wannan jayayya, amma da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812 sai ya kwafo wasiƙun abokin jayayyarsa ya sa a ciki tare da nasa martani. Saboda haka ne yau mai karatu ke iya jin ɓangarorin biyu ya yi nasa hukunci, har ma ya ga al-Kanemi ya fi hujja in ya ga dama. Mai zargin da ya adana amsar wanda yake zargi ya yi abin da mafarautan mayu ba su taɓa yi ba.

In aka dawo kan Gwoza da wannan ma'auni, aikin da ke gaban mai rubutu a bayyane yake, kuma ba mai sauƙi ba ne. Garin ya faɗa hannun Boko Haram a watan Agustan 2014, sojoji suka ƙwato shi a watan Maris na 2015, amma ƙauyukan duwatsu sun daɗe a wajen ikon hukuma, babu alƙali, babu rajista, babu likitan da zai ce ga abin da ya kashe yaran. Abin da ake da shi bakin waɗanda suka tsira ne da danginsu. Edita nagari ba zai zaɓi 20 ko 26 don ɗaya ya fi girgiza zuciya ba, zai ce wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, ya nuna cewa 26 ɗin jimlar kisa biyu ce a ranaku biyu. Ba zai haɗe Guyile da Ngulde su zama mutum ɗaya ba sai ya samu wanda ya san mutumin ya tabbatar, ba zai kuma raba su ba sai da irin wannan hujja. Ba zai rubuta "an kashe mayu" a kanun labari ba, ko da ya sa kalmar a tsakanin alamun zance, domin kanu shi ke zama a ƙwaƙwalwa bayan an manta sauran. Zai ɓoye sunan wadda ta tsira in bayyana shi zai jefa ta cikin haɗari, domin tabon maita yana bin mace har ga 'ya'yanta mata, ya hana su aure, amma zai ajiye sunan a wurin da mai bincike na gaba zai same shi. Kuma zai yi sauri, domin tun da aka rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri, irin su Bakassi da aka rufe a ƙarshen 2021, mutanen Gwoza sun warwatsu, tsofaffin cikinsu kuma suna ta tafiya da abin da suka sani.

A shekarar 2022 ɗin dai, watanni kaɗan kafin kisan Ahraza, majalisar dokokin Massachusetts ta wanke Elizabeth Johnson ƙarama, wadda aka yanke wa hukuncin kisa kan maita a 1693, bayan shekara 329. Ɗaliban wata makarantar sakandare da malamarsu ne suka tono maganar, kuma sun iya ne domin wani magatakarda ya rubuta sunanta. Rahotannin da suka bazu a duniya game da Ahraza sun kawo sunan kwamanda, sun kawo adadi, ba su jera sunayen matan ba. Ina kira ga sashen tarihi na Jami'ar Maiduguri, da 'yan jaridar da ke aiki a birnin, da masarautar Gwoza, da su nemi dangin matan nan tun suna raye, su rubuta sunan kowace ɗaya da na mahaifinta da ƙauyenta da ranar da aka kashe ta, su kuma rubuta sunan wanda ya gaya musu.